Kan da Na Gyaɗa

Zuwa ga taubashiyata Malama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar nan taki? Ya kuma kunnuwan? Na san da waya na kira da mun wuni ina ihu kina cewa "na'am?", shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutun, hannu ne da ya saba da almakashi.

Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwa da ba ta son hawan bene. Takardar ta'aziyyarki ta zo tun tuni, Allah ya saka da alheri. Na kasa ba ki amsa ne a lokacin. Kin san jinyar ɗana na zo ƙasar nan, na rufe keken ɗinkina da zane na ce da yaron nan ya miƙe zan dawo. Allah bai nufa ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ke zan faɗa wa. Ranar da ya rasu, ba ɗa kaɗai na rasa ba, har da bakina. Shi ne tafintanmu. Matarsa ta yi magana ya juya mini, in yi ya juya mata, har a kan gadon asibiti da numfashinsa ke yankewa. Yanzu mu uku ne a gidan: ni, da surukata, da jikata, wadda nake kira Mai Giɓi don haƙoranta na gaba sun zube. Ba sa jin harshenmu, ba na jin nasu. Shi ma da nasa laifin, Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake zai koya wa yarinyar idan ta ƙara wayo.

Surukata ba ta da laifi ko kaɗan. A kantin magani take aiki, ta fita da sassafe ta dawo a gajiye. Mu zauna cin abinci, cokula kaɗai ke magana. Ta yi mini murmushi, in mayar mata. To, murmushi ma gajiya yake yi, Malama. Ita kuwa yarinyar sai ta kawo littafi ta buɗe a cinyata, ta yi ta zuba kamar kanya, ta ɗago tana jiran abin da zan ce. In ce "to." Ta dube ni da idanun nan na ubanta, ta rufe littafinta ta tafi. Wannan ya fi mini komai ciwo.

Shi ne uwarta ta kai ni wani ajin manya na koyon yarensu, a saman wani ɗakin karatu. Kujeru a kewaye, ga farin allo, ga butar shayi a kusurwa. Kowa da ƙasar da ya fito. Malaminmu sa'an marigayi ne, yana da fara'a, amma dokarsa ɗaya ce: idan ka shigo, ka bar harshenka a bakin ƙofa. Ranar farko ya tsaya a gabana ya yi wata magana. Na gyaɗa kai na ce "e" da yarensu, don ita kaɗai na sani. Aji ya kwashe da dariya. Ashe sunana ya tambaya. Akwai wani makanike mai ƙaton ciki da ke zama kusa da ni, tun daga ranar da E yake kirana.

Ke da kika ƙare ƙuruciyarki kina cusa wa 'ya'yan mutane harshen da ba na iyayensu ba, ki taimake ni da dabara. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Busasshe fa? Ba so nake in yi wa'azi da yaren nan ba. So nake idan yarinyar nan ta ɗago kai, ta sami abin da ya fi "to."

Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya E,

Na amsa gaisuwa. Yara lafiya lau, suna gaishe ki. Ƙafa tana nan tana mulkinta, kunne kuwa na huta da gulmar maƙwabta. Na karanta takardarki na yi kuka, na zo wurin makanike na yi dariya har jikana ya leƙo ya ga ko lafiya. Allah ya jiƙan yaronmu, ya raya abin da ya bari.

Busasshen icce ba a tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ke ba icce ba ce, taurin kai ne kawai ya yi miki yawa tun muna yara. Saurara.

Babban maƙiyinki shi ne kan nan naki da kike gyaɗawa. Na taɓa yin wata ɗaliba, komai na faɗa sai ta gyaɗa kai tana murmushi. Na ɗauka ta fi kowa ganewa. Sai da zango ya ƙare na ce ta miƙo mini alli, ta tashi ta rufe taga. Kunya ce ta cinye mata zango guda. Don haka kafin ki koyi sunan komai, ki sa malaminku ya koya miki yadda ake cewa "ban gane ba," da "sake faɗa a hankali," da "mene ne wannan?" Ki haddace su kamar sunanki. Kuma duk wanda ya faɗa miki magana mai nauyi, kada ki bar shi ya tashi sai kin mayar masa da abin da kika ji, ko da guntayen kalmomi ne, ko da zane a bayan takarda. Idan kin ji daidai zai ce e. Idan kin kauce zai dawo da ke hanya.

Idan kalma ta ɓace miki kuma, kada ki tsaya kina kallon rami. Kewaya. Ba ki san sunan almakashi ba? Ki ce abin da ake yanka yadi da shi. Ba ki san "yanka" ba? Ga yatsunki biyu. Ke da kike kwatanta wa masu kawo ɗinki wuyan riga da hannu tun daga nesa, yau ne hannu zai gagare ki? Ki riƙa zuwa aji da zare da maɓalli da allura a jaka. Abin da hannu ya sani, baki ba ya daɗewa bai kama sunansa ba.

Dokar malaminku kuwa, ni ma na yi ta da ina sabuwar malama, har ina tsare gira a kai. Daga baya na gane harshen uwa tsani ne, da shi ake hawa. Ki bi dokarsa da baki, amma a gefen littafinki ki rubuta ma'anar komai da namu. Ba zai ci ki ba.

Sai babbar dabara, wadda ba a koyarwa a makarantar horon malamai: ki mai da Mai Giɓi malamarki. Ki nuna kofi ki kira shi takalmi da gangan. Babu abin da yaro ke so a duniya kamar ya kama babba da kuskure.

Ki ci abinci, ki riƙa fita kina shan iska. Idan kuma abin ya ishe ki, ki tuna ɗakinki na nan, ana share shi, kekenki ma an sa masa mai.

Taki har kullum,
Malama

*

Malama,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar ƙafa. Ni gwiwa ta fara sabawa da benen.

Bari in fara da abin da ya tsaya mini a wuya. Kin cika takarda da dabaru, sannan a ƙarshe kika ce ɗakina na nan. Wato tun ban fara ba kin yanke cewa ba zan iya ba, kina shimfiɗa mini tabarmar dawowa. Na kwana biyu ina jin haushinki. In dawo in bar wa wa jinin yaron nan? Kada ki ƙara yi mini zancen ɗaki.

To, amma dabarunki sun yi aiki, ba zan ci amanarki ba. Na koyi "ban gane ba," har na zame wa malaminmu ƙarfen ƙafa da ita. Abin mamaki, duk sanda na faɗa sai in ga rabin aji sun sauke ajiyar zuciya. Ashe duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, kowa gyaɗa kai yake.

Na kira kofi takalmi. Malama, da kin ga yarinyar nan! Ta faɗi ƙasa tana dariya, ta ruga ta ɗauko takalminta ta ajiye kusa da kofin tana nuna mini bambanci. Yanzu da ta dawo daga makaranta sai ta zaunar da ni a kan ƙaramar kujerarta, ta sa tabarau ɗin uwarta, ta riƙe cokali a matsayin sanda. Idan na faɗi daidai ta manna mini tauraro a bayan hannu. Jiya da taurari na yi wanke-wanke.

Akwai abin da ya faru a aji da nake so ki sani. Malaminmu ya ce kowa ya zo da wani abu daga gida ya yi bayaninsa. Makanike ya zo da sifana, wata ta zo da tukunya. Ni kuwa ina gyara kayan marigayi na ci karo da rigar nan mai ruwan toka da na ɗinka masa lokacin da zai tafi karatu. Ta daɗe da yi masa kaɗan, amma ashe yana ajiye da ita a ƙasan akwati. Ita na ɗauka.

Na tashi na ce da yarensu, "Wannan riga. Ni ɗinka. Ɗana." Na nuna maɓalli na faɗi sunansa, na nuna aljihu na faɗi sunansa. Malam ya ji daɗi ya tafa. Sai ya tambaye ni, "Ina ɗan naki yanzu?" Wallahi na gane tambayar sarai, karo na farko da na so a ce ban gane ba. Ban san kalmar ba. Na tuna kin ce in kewaya. Na ce, "Asibiti. Ya kwanta. Bai tashi ba."

Malam ya juya ya rubuta kalmar a allo, don aikinsa ke nan, ya tsaya yana kallonta, sai ya sa tafin hannu ya goge. Ya juyo ya ce mini a hankali, yana nuna bakina, "Faɗa da naki." Shi da dokarsa.

Na faɗa, Malama. Na faɗi yadda aka haife shi da ruwan sama, da yadda yake cin ƙeyar burodi ya bar tsakiyar, da abin da ya ce mini a daren ƙarshe. Babu wanda ya ji ko kalma ɗaya, babu kuma wanda ya motsa. Da na zauna, makanike ya zaro hoton wata mata daga aljihunsa ya ɗora a kan rigar. Muka zauna haka har aka tashi.

Ki gaida yara.

Yayarki

*

Malama,

Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Ko fushi kika yi da maganar ɗaki? Idan shi ne ki yafe, kin san bakina. Ga albishir na kawo miki.

Za mu tashi zuwa sabon gida!

Kwanakin baya bayan mun ci abinci surukata ta tura yarinya ɗaki, ta zauna kusa da ni ta kama hannuna. Ta yi magana mai tsawo, tana yi tana kuka. Da sauri take yi, amma yanzu kunnena ya fara buɗewa. Na tsinci "gida," na tsinci "tafiya," na tsinci "dangi," na tsinci "kina so." Ta yi mini tambaya ta tsaya tana kallona. Na san abin da za ki ce. Amma ki faɗa mini, mace tana kuka a gabanki, ta buɗe miki cikinta karo na farko tun rasuwar mijinta, da wane baki za ki ce mata ta sake faɗa a hankali kamar kuna aji? Na ga ai na gane: gidan nan ya yi mata nauyi, ko'ina ta juya shi take gani, tana so mu tafi kusa da danginta, tana tambaya ko na yarda. Na gyaɗa kai na ce e. Ta sake tambaya, na sake cewa e da ƙarfi don ta san da zuciya ɗaya na faɗa. Ta rungume ni ta yi kuka sosai.

Yanzu gida ya cika da kwalaye. Na ga hoton wurin a wayarta, akwai bishiya a ƙofar gida da tagogi masu faɗi. Na auna su da ido, na sayo yadi mai ruwan ganye, ina ɗinka labule da hannu a ɓoye don in ba ta mamaki.

Abu ɗaya ne ke damuna. Mai Giɓi ta daina koya mini karatu. Washegarin maganar nan na zauna a ƙaramar kujera ina jiranta, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Na kira cokali hula, ko kallo ban ishe ta ba. Idan na shiga ɗakinta sai ta juya wa bango fuska. Ina jin baƙin cikin rabuwa da ƙawayenta na makaranta ne. Yaro ne, zai wuce.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Yayarki

*

Yaya,

Ki gafarce ni. Ba fushi na yi ba, ƙafar ce ta kai ni asibiti aka kwantar da ni, takardunki biyu suna gida a kan tebur babu wanda ya yi tunanin kai mini. Jiya aka sallame ni, da sauƙi sosai. Maganar ɗaki kuwa, ban faɗa don na raina ki ba. Na faɗa ne don ki san ba korarriya ba ce ke, kina da inda ake kewarki. Labarin rigar nan ya hana ni cin abinci.

Amma takardarki ta biyu ta tayar mini da hankali, shi ya sa nake rubutu a kwance. Yaya, kalmomi huɗu kika tsinta a cikin magana mai tsawo, sauran kuma ke kika cike da abin da zuciyarki ke so. "Gida," na wa? "Dangi," nata ko naki? Wa zai yi tafiyar? Kuma yaron da ke baƙin cikin barin makaranta uwarsa yake yi wa fushi, ba kakarsa ba. Me aka faɗa wa yarinyar nan game da ke?

Ina roƙonki, da kin karanta wannan kada ki jira komai. Ki ɗauki takarda ki zana gida, ki zana mutum uku a ciki, ki kai wa surukarki ki ce, "Haka ne?" Idan ta ce e, ki zage ni son ranki, zan ɗauka da murna. Allah ya sa tsorona na banza ne.

Malama

*

Malama,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Da na san kina kwance da ban dame ki da surutuna ba.

Takardarki ta zo, amma ta tarar an riga an yi.

Ranar hutunta surukata ta shigo ɗakina tana jan wani sabon akwati babba. Ta buɗe, ga turare, ga mayafai, ga takalman yara. Tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Na danginki." A saman kayan ga tikitin jirgi da sunana. Ni kaɗai.

A nan ne na ce mata ban gane ba. A nan, Malama, bayan kwalaye sun cika gida.

Na jawo labulen daga ƙarƙashin katifa na shimfiɗa mata. Na ce, "Sabon gida. Ni, ke, yarinya." Ta dubi labulen, ta dube ni, sai ta zauna a ƙasa daɓas ta toshe bakinta da hannu.

Ta kira wani abokin aikin marigayi da ke jin harshenmu, ta sa wayar a tsakaninmu. Ga abin da ta faɗa mini a wancan zama, kamar yadda ya juya mini. Ta ce ba za ta iya riƙe aiki da gida da yarinya ita kaɗai ba. Ta ce idan zan zauna da su, za ta ci gaba da aikinta, mu riƙe gidan nan mu uku, kuma abin da ta fi so ke nan, don ni kaɗai ce abin da ya rage wa yarinya na ubanta. Amma ta san na bar gidana da sana'ata da mutanena, tana ganina ina tsayawa a taga, ba ta so ta ɗaure ni don kunya. Shi ne ta tambaye ni, "Kina so ki tafi gida wurin danginki?" Na ce e. Ta ce ba ta yarda da kunnenta ba, ta sake tambaya. Na sake cewa e, da ƙarfi, har ina murmushi.

Kukan da na ɗauka na godiya ne, ashe na rabuwa ne.

Na ce wa mutumin ya faɗa mata a fasa, a mai da komai yadda yake. Ya faɗa. Ta girgiza kai tana hawaye. Ta ajiye aikin, har an ɗauki wata. Ta saki hayar gidan, masu shiga suna jira. Gidan mai bishiya na iyayenta ne, a wani gari mai nisa, ɗaki ɗaya suka ware mata ita da yarinya, mahaifin surukar tawa kuma ba shi da lafiya. Izinin zamana a ƙasar nan da take shirin sabuntawa ta bar shi, tunda na ce tafiya zan yi, yanzu kuma ya kusa ƙarewa. Ta ce za ta nemi hanya nan gaba idan ta samu aiki da wurin kanta. Na san da gaske take. Na kuma san shekaruna.

Shi mai fassarar ma sai da muryarsa ta canza. Ya ce, "Mama, da kun kira ni tun farko." Ita ta ce ba ta so baƙo ya shiga maganar da ta shafi zuciya. Ni kuma ga abin da ya hana ni, kin sani. Kowa ya tausaya wa ɗan'uwansa, tausayin ya kashe mu.

Yarinyar kuwa, uwarta ta faɗa mata tun washegari cewa Kaka ta ce tana so ta koma gidanta. Duk kwanakin nan da nake zaune a kujerarta ina kiran cokali hula, ita gani take na zaɓi in tafi kamar yadda ubanta ya tafi, kuma ina wasa. Uwar ta yi mata bayani yanzu, amma yarinyar ta ce ba ta yarda ba, ai da kunnenta ta ji ni daga ɗaki ina cewa e.

Kada ki ce kin faɗa mini. Na san kin faɗa.

Yayarki

*

Malama,

Ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Surukata za ta ɗauki hoton wannan takarda ta turo wa jikanki a waya, kada ki ba da amsa, zan taso kafin amsar ta iso.

Na je aji na ƙarshe. Na ce wa malaminmu ina da magana da jikata, kuma ba na so kowa ya juya mini ita, da bakina nake so ta fita. Ya rufe littafin darasin ranar ya miƙo mini abin rubutu. Na zana a allo, na kwatanta da hannu, na kawo kalmomin da nake da su. Aji duka suka sa baki, wannan ya kawo kalma, wancan ya ce ba haka ba, har muka haɗa jimloli gajeru da zan iya ɗauka. Makanike ya durƙusa a gabana da ƙaton cikinsa ya zama yarinya, ya turo baki ya juya mini baya, ina maimaitawa a kansa. Mun yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Da yamma na same ta a ɗakinta, an kwashe komai sai katifa. Tana zaune ta fuskanci bango. Na zauna a ƙasa, gwiwa tana ƙara. Na ce da yarensu, "Mama ta yi magana. Ban ji daidai ba. Na ce e. Kuskure ne. Ba na so in bar ki."

A jimlar ƙarshe harshena ya karkace. Ba ta juyo ba, amma sai na ji ta gyara mini kalmar, ƙasa-ƙasa. Na sake faɗa. Ta sake gyarawa. Na uku ya fita daidai. Sannan ta ja jiki da baya da baya har bayanta ya taɓa gwiwata.

Can ta juyo ta yi mini tambaya. Na ji "Baba," na ji "yaya ake cewa," sauran ya wuce ni. Da ta ga haka sai ta kama hannuna, ta sa yatsuna biyu suna tafiya a kan katifa kamar mutum, suna nufar ƙofa. Sannan ta sa nata hannun ta tare su. Ta dube ni tana jira.

Na ce mata, "Kada ki tafi."

Ta gwada, iska na fita ta giɓin. Na sake faɗa mata a hankali. Ta yi ta maimaitawa tana kallon bakina har ta faɗe shi tsaf, kamar a gidanmu aka haife ta. Sannan ta daina kallon bakina, ta kalli idona ta faɗa.

Maganar farko ke nan da ta taɓa yi da harshen ubanta, Malama, kuma ni na koya mata.

Jibi da safe za su raka ni filin jirgi, daga can su wuce. Ki turo wani ya tare ni, akwatin yana da nauyi. Kada a tara mini mutane.

Yayarki